Wat Nawa Ya Isa? Sharhi Kan Zaɓen Lasifikar Gida da Amfilifayar da Za Ta Iya Ɗaukar Ta

Duk wanda ya shiga layin masu kayan sauti a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ya leƙa Alaba a Legas, abin da zai fara cin karo da shi lambobi ne manya-manya a jikin kwalaye. Wannan an rubuta masa wat 3,000, na kusa da shi wat 5,000, alhali mutum zai iya ɗaga kwalin da hannu ɗaya. A gefe guda ga amfilifaya, wato injin da ke ƙara wa sauti ƙarfi ya tura wa lasifika, ta kamfanin Yamaha samfurin A-S301 mai nauyin kilo 9, kuɗinta ya ninka na wancan sau da yawa, amma takardarta ta ce wat 60 kacal take bai wa kowace lasifika. Mai saye ya tsaya ya ce, "Alhaji, tsakani da Allah wanne ya fi ƙarfi?" Mai shago, wanda shi ma da lambar kwali yake aiki, sai ya nuna masa mai 5,000.

Ruɗanin ba namu ba ne mu kaɗai. A shekarar 2024 hukumar kula da harkokin ciniki ta Amurka, wato FTC, ta sake fasalin dokarta ta auna ƙarfin amfilifayar gida, dokar da ta kafa tun 1974. Dokar ba ta hau kan ɗan kasuwar Kano ko na Maraɗi ba, sai dai ta bai wa mai saye a ko'ina wani mudu da zai riƙa gwada sauran lambobi da shi. Kafin a kai ga mudun, sai an san yadda aka yi lambar wat ta zama abin da ba a yarda da shi kai tsaye.

Yadda lambar wat ta lalace

Wat ma'aunin ƙarfin aiki ne, an sa masa sunan James Watt, injiniyan nan na Sukotlan. A fagen sauti, wat ɗin amfilifaya shi ne yawan wutar da take iya turawa cikin lasifika. Matsalar ita ce amfilifaya ɗaya tana iya ba da amsa biyar daban-daban, gwargwadon yadda aka yi mata tambayar.

A ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, lokacin da tiranzista ta maye gurbin tsofaffin kwalaben rediyo, kamfanoni suka shiga rige-rigen lamba. A ɗauki amfilifayar da gaskiyar ƙarfinta wat 20 ne a kowane ɓangare, hagu da dama. Idan aka haɗa ɓangarorin biyu, an samu 40. Idan aka auna ta da lasifikar da ta fi jan wuta, lambar ta ƙara hawa. Idan aka ɗauki ƙololuwar igiyar sauti maimakon matsakaicinta, ta sake ninkawa. Idan kuma aka yarda sautin ya gurɓata har kashi 10 cikin 100, aka kuma auna na ƙiftawar ido kawai, to wat 20 ɗin nan ya haura 100 ba tare da an sauya ko waya ɗaya a cikinta ba. Wannan ne ya sa Amurka ta yi dokar 1974, wadda ta ce dole a faɗi ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a jere, bayan an ɗumama ta, ba na tsalle ɗaya ba.

Gyaran 2024 ya ƙara ɗaure zancen. Kamfanin da zai yi iƙirarin ƙarfi dole ya auna a yanayi ɗaya da kowa: a kan om 8 (om ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta ne), daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri da kunnen ɗan Adam ke ji, wato girgiza 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma gurɓata kada ta wuce kashi 1 cikin 100. Masu goyon baya suna ganin yanzu ne za a iya ajiye na'ura biyu a kwatanta su da adalci. Masu suka kuma suna cewa kiɗa da magana ba sa tafiya da ƙarfi ɗaya a jere kamar sautin gwaji, don haka gwajin yana danne na'urorin da aka ƙera don su yi tsalle na ɗan lokaci su dawo. Kowane ɓangare yana da hujja, amma ga mai saye, lamba mai ƙa'ida ko da ta yi tsauri ta fi lambar da ba ta da mafari.

A kasuwa za a ga haruffa iri biyu kusa da wat. RMS na nufin ƙarfin da ke ɗorewa, kuma shi ne abin dubawa. PMPO kuwa ba shi da wata ƙa'idar awo da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani da nasa lissafin. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a juya bayan na'urar. Idan adaftar da ke ba ta wuta an rubuta mata bolt 12, amfiya 2, to iyakar abin da ke shiga wat 24 ne, kuma na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta ci. Lambar cin wuta da ke bayan manyan amfilifayoyi ba koyaushe take nuna ƙololuwa ba, don haka ba a yi mata lissafin ƙwaƙƙwafi, amma tana isa ta tona asirin wat 3,000 da ke rataye a jikin siririyar waya.

Desibal, kuzari da turjiya

Babban kuskuren da ake yi shi ne ɗaukar wat a matsayin ƙara. Ƙara da desibal ake auna ta, ana rubuta shi dB, kuma lissafinsa ba irin na mudu da tiya ba ne. Duk lokacin da aka ninka wat sau biyu, ƙara tana hawa da desibal 3 ne kawai, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin mutum ya ji kamar sauti ya ninka, sai an ƙara kimanin desibal 10, wato sai an ninka wat sau 10. Saboda haka amfilifaya mai wat 100 ba ta ninka mai wat 50 a kunne. Ita Yamaha mai wat 60 ɗin nan tana da yaya, A-S501, mai wat 85, kuma tazarar da ke tsakaninsu a ƙara desibal 1.5 ce, da ƙyar a ji ta.

Lambar da ta fi wat tasiri, kuma ba kasafai ake tambayar ta a shago ba, ita ce ta kuzarin lasifika: idan aka ba ta wat 1, aka tsaya mita 1 a gabanta, desibal nawa za ta fitar? A takarda za a gan ta kamar 85 dB ko 88 dB ko 92 dB. Yawancin lasifikun gida suna tsakanin 84 da 92. Tazarar tana kama da ƙarama, amma a tuna da ƙa'idar desibal 3. Lasifika mai kuzarin 91 da aka bai wa wat 25 za ta yi ƙara daidai da mai kuzarin 85 da aka bai wa wat 100.

Misalan ƙarshen layi biyu suna fito da abin fili. Klipschorn, wadda Paul Klipsch ya fara ƙerawa a jihar Arkansas ta Amurka a 1946, babbar akwati ce mai siffar ƙaho da ake kafawa a lungun ɗaki, kuma kuzarinta ya kai 105. LS3/5A kuwa, 'yar ƙaramar lasifikar da injiniyoyin BBC suka tsara a shekarun 1970 don motocin ɗaukar shirye-shirye, kuzarinta bai wuce 83 ba. Abin da ta farkon za ta yi da wat 1, ta biyun sai an ba ta fiye da wat 150, kuma ba za ta iya ɗaukar hakan ba. Duka biyun ana girmama su har yau, kowacce a muhallinta.

Dalilin da ya sa lasifika ke da cin wuta haka yana cikin ƙirarta, wadda ba ta sauya sosai ba tun da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana ta a 1925. Kwayil ne na siririyar waya a cikin maganaɗisu, an manna shi da faifan takarda ko roba. Wuta ta ratsa kwayil, ya motsa gaba da baya, faifan ya tura iska. A lasifikar gida, abin da ke zama sauti daga wutar da aka tura kimanin kashi 1 cikin 100 ne ko ƙasa da haka. Sauran duk zafi ne, kuma a jikin kwayil ɗin yake taruwa. Wat ɗin da aka rubuta a bayan lasifika ba ƙarfin da take bayarwa ba ne, iyakar abin da za ta iya jurewa ne kafin ta lalace.

Akwai wata 'yar dabara da ya kamata a lura da ita a nan. Wasu kamfanoni ba da wat 1 suke auna kuzari ba, da bolt 2.83 suke aunawa. A kan lasifika mai om 8 duk ɗaya ne. A kan mai om 4 kuwa, bolt 2.83 wat 2 ne, don haka lambar ta samu kyautar desibal 3. Masu gwaji masu zaman kansu sun sha samun lasifikun da kuzarinsu na gaskiya ya gaza wanda aka buga da desibal da dama, shi ya sa ake ɗan rage wa lambar talla kafin a yi lissafi da ita.

Sai om, wanda ya samo suna daga Bajamushe Georg Ohm. Shi ne ma'aunin turjiyar da lasifika ke yi wa wuta. A ɗauke shi kamar bututun ruwa: om mai yawa siririn bututu ne, om kaɗan faffaɗan bututu ne mai zuƙe tanki da sauri. Lasifika mai om 4 tana neman ninki biyu na wutar da mai om 8 ke nema, kuma amfilifayar da ba a gina ta don haka ba za ta yi zafi, ta kashe kanta, ko ta ƙone. Ƙari a kan haka, lambar da aka rubuta matsakaiciya ce, turjiyar gaskiya tana hawa da sauka gwargwadon kaurin sauti. KEF LS50 ta Ingila, wadda ta fito a 2012, an rubuta mata om 8, amma kamfanin da kansa ya ce tana sauka har 3.2, ga kuzarinta 85 kawai. 'Yar ƙarama ce a ido, amma ba kowace amfilifaya ke iya ciyar da ita ba. Alamar amfilifaya mai ƙashi ita ce ƙarfinta ya ƙaru sosai idan om ya sauka, kamar Denon PMA-600NE da aka rubuta wa wat 45 a om 8 da wat 70 a om 4.

A nan ne al'adar jona lasifika biyu ko uku a baki ɗaya ke jawo asara. Biyu masu om 8 da aka haɗa kai da kai, ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Biyu masu om 4 sun koma om 2, kuma amfilifayar gida da za ta jure wannan ba ta da yawa.

Lissafin falo

A ɗauki falo mai matsakaicin girma, mai zama yana nesa da lasifika da mita 3, kuzarin lasifikar 88. A fili, duk ninkin nisa yana cin desibal 6, don haka mita 3 za su ci kusan 9.5. Amma lasifika biyu ce ke aiki, kuma bango da silin suna dawo da sauti, sai a samu kusan 6 su dawo. Ke nan da wat 1 kacal, mai zaune a kujera yana jin wajen desibal 84, ƙarar da sai an ɗaga murya kafin a yi hira a cikinta. Mafi yawan sauraren yau da kullum, labarai ko tafsiri ko fim, bai ma kai wat 1 ba.

To ina amfanin sauran wat ɗin? Amfaninsu yana wurin tsalle. Sauti ba shimfiɗaɗɗe ba ne. Bugun ganga, harbin bindiga a fim, ihun 'yan kallo idan an ci ƙwallo, duk suna iya haura matsakaicin ƙara da desibal 10 zuwa 20 na ɗan lokaci. Mai son ƙololuwar ta taɓa desibal 95 a kujerarsa yana buƙatar wat 12 ko kusa da haka. Mai son 100 yana buƙatar wajen 40. Mai son 105, irin ƙarar gidan silima, ya haura 120. Idan kuma lasifikar mai kuzarin 85 ce, kowace lamba a nan sai a ninka ta biyu. Wannan lissafin ya nuna abin da ya sa NAD 3020, amfilifayar da ta fito a 1978 da wat 20 kawai a takarda, ta gamsar da ɗimbin gidaje a Turai: tana da wutar ajiya ta tsalle, kuma ba ta tsoron ƙaramin om.

Ga yawancin falukanmu, amfilifaya mai wat 40 zuwa 80 na gaskiya a kowane ɓangare, haɗe da lasifika mai kuzarin 87 zuwa sama, ta wadatar. Tsakar gida ko filin biki wani zance ne daban, domin babu bangon da zai dawo da sauti, kuma can aikin kayan taro ne irin na Ahuja da TOA da ake gani a masallatai da makarantu. Su kuma ba su dace da ɗaki ba: ƙahon masallaci an yi shi ne don ya jefa murya nesa, ba ya fitar da kaurin sauti, kuma a ɗaki gajiyar da kunne yake yi.

Ƙarama ko babba: wacce ke ƙona lasifika?

Wannan ita ce muhawarar da ta fi daɗewa, kuma duk ɓangarorin biyu suna da gawarwakin lasifiku da za su nuna.

Ɓangare na farko yana cewa kada ƙarfin amfilifaya ya wuce abin da aka rubuta a bayan lasifika. Hujjarsu a bayyane take: wuta ta yi yawa, kwayil ya yi zafi, gam ɗin da ke riƙe da shi ya narke. Ko kuma faifan ya yi tafiyar da ta wuce iyakarsa, ya bugi ƙarfen baya, ko ya yage.

Ɓangare na biyu yana cewa ƙaramar amfilifaya ta fi haɗari. Idan aka nemi ta ba da abin da ba ta da shi, sai ta riƙa datse kawunan igiyar sauti. Ana jin haka a kunne: murya ta shaƙe, kiɗa ya fara tsagewa kamar ana kaɗa gwangwani. A wannan hali manyan bugu sun tsaya cak a iyakarsu, amma siraran sautuka suna ci gaba da hawa duk lokacin da aka ƙara murɗawa, kuma datsewar kanta tana haifar da wasu siraran sautukan. Duk waɗannan suna tafiya wurin tiwita, 'yar ƙaramar lasifikar sama wadda kwayil ɗinta bai fi gashi kauri sosai ba, kuma wat kaɗan take iya ɗauka.

A teburin mai gyara ana ganin sakamakon duka biyun. Ya kwance sukurori, ya zaro faifan, sai ga kwayil da ya kamata ya zama jan tagulla mai sheƙi ya koma baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen fenti, wasu zagayen wayar sun saki sun zazzago. Ya taɓa faifan da yatsa, ana jin yana gogar ƙarfe. Mai kayan ya ce, "Malam, ai injina ƙarami ne, bai kai ƙarfinta ba." Mai gyara ya ce, "Ƙure shi aka yi."

A nan ɓangarorin biyu suke haɗuwa. Abin da ke kashe lasifika zafi ne da ya daɗe, ko motsin da ya wuce iyaka. Babbar amfilifaya tana kai ta can idan aka sake mata linzami, ƙarama kuma tana kai ta can idan aka ƙure ta aka bar ta tana tsagewa na awanni. Shawarar da kamfanin JBL ya daɗe yana bayarwa ta nuna haka: inda akwai mai kula da ke saurare da kyau, amfilifaya tana iya ninka ƙarfin ɗorewar lasifika sau biyu, inda kuwa za a daɗe ana dukan ta da ƙarfi, a tsaya daidai da lambarta. A gida, wannan na nufin a duba wa zai riƙa taɓa na'urar. Idan mai gida ne shi kaɗai, ɗan rarar ƙarfi alheri ne. Idan gida ne mai yara da baƙi da hidimar suna da biki, daidai ruwa daidai tsaki ya fi.

Abu biyu ne ke yaudarar mutane. Na farko maɓallin ƙara: a amfilifayoyi da yawa ƙarfin ya ƙare tun maɓallin yana tsakiya ko ya ɗan gota, abin da ya rage duk datsewa ce. Na biyu maɓallin bes, wato kaurin sauti. Ƙara bes da desibal 6 yana nufin neman ninki 4 na wuta a wannan ɓangaren, kuma ƙure shi zuwa 10 ninki 10 ne.

Tsakanin wannan lasifika da waccan

Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da injiniya Anton Hofmann na kamfanin KLH: ƙaramin jiki, zurfin bes, da kuzari mai yawa, biyu kawai ake iya samu a lokaci ɗaya. Edgar Villchur ya nuna haka a 1954 da AR-1, rufaffiyar akwati da ta fitar da zurfin bes daga jiki madaidaici, amma ta biya da cin wuta. Duk tallan da ya yi alƙawarin ukun a tare, akwai wanda aka rage a ciki.

Ƙananan lasifiku na ɗorawa a kan tebur sun dace da ɗaki ko ƙaramin falo, suna da sauƙin kuɗi, kuma sau da yawa muryar mutum ta fi fita tas a cikinsu fiye da dogayen da ke farashi ɗaya, domin kuɗin ya tafi ne a kan kaya kaɗan masu kyau. Dogaye na tsaye suna da faifai da yawa da babbar akwati, sun fi cika babban falo, kuma akasari sun fi kuzari, wato ba lallai su fi ƙananan neman wat ba. Mutane da yawa suna ɗaukar abin a juye. Akwati mai rami tana ƙara bes, amma idan ramin a baya yake aka manna ta da bango, sai bes ɗin ya kumbura ya rufe magana. Rufaffiya ta fi haƙuri da matsatsin wuri.

Abin da za a fi saurara shi ma yana da hukunci. Muryar ɗan Adam ana gane ta ne a tsakiyar zangon sauti, shi ya sa tsohuwar wayar tarho, da girgiza 300 zuwa 3,400 kawai, take isar da magana. Mai sauraren karatu da wa'azi da labarai ya fi buƙatar tsakiya mai tsabta a kan wufa, wato lasifikar da ke fitar da bes, mai girgiza tagogi. Mai kallon fina-finan faɗa ko mai son kiɗan zamani shi ne wufa za ta yi wa rana, kuma wufa mai injinta a ciki tana sauke wa amfilifaya babban nauyi idan an saita su da kyau.

Ga wanda ba ya son wannan lissafin gaba ɗaya, akwai lasifiku masu amfilifaya a cikinsu, kamar Edifier R1280T mai jimillar wat 42. Kamfani ya riga ya daidaita su, sai dai idan injin ya mutu duka sun tsaya, kuma ba a iya sauya ɓangare ɗaya a bar ɗaya. Haka saitin gidan silima na kwali ɗaya. Lasifikun irin wannan saiti sau da yawa masu om 3 ne ko 4, an yi su ne don injinsu kaɗai, don haka ɗaukar su a jona wa wata amfilifaya bayan injin ya lalace yana iya jawo asara ta biyu.

Ɗakin kansa rabin sauti ne. Falon da ke da tayil a ƙasa, bangon siminti tsirara da silin mai santsi yana mayar da sauti ta ko'ina, magana ta riƙa hawa kan magana. Kafet, labule mai kauri da kujerun kushin suna gyara abin da sauya amfilifaya ba zai gyara ba. Ɗaga ƙananan lasifiku su daidaita da kunnen mai zaune, da janye su taku ɗaya daga lungu, ba ya cin ko sisi.

Wutar da muke da ita

Duk lambobin da ke takarda an auna su ne da cikakkiyar wuta. A Najeriya ƙa'idar ita ce bolt 230, amma unguwanni da yawa ba sa ganin haka da daddare. Amfilifaya mai babbar tiransifoma ƙarfinta yana bin wutar bango, kuma faɗuwarsa ta fi ta wutar sauri: idan bolt ya sauka daga 230 zuwa 190, kusan kashi ɗaya cikin uku na wat ɗin ya tafi. Mai wat 60 ta koma wajen 40, ta fara datsewa a inda jiya ba ta yi ba. Wannan dalili ne na gaskiya na barin ɗan rara, da kuma sa sitabilaiza. Zafi ma haka. Gwajin Amurka ana yin sa ne a ɗakin da ke kusan digiri 25, mu kuwa a watan Afrilu Kano da Sakkwato suna haura 40. Amfilifayar da aka cusa cikin kabad, ko aka ɗora mata dikoda a kan ramukan iska, ko ƙurar hunturu ta toshe ta, ba za ta ba da abin da aka rubuta ba.

Kayan gwanjo suna da nasu tarkon. Na Turai wutarsu irin tamu ce. Na Amurka bolt 120 ne, na Japan 100, kuma jona su kai tsaye ƙonewa ce nan take. Sai da tiransifomar rage wuta, wadda ita ma dole ƙarfinta ya haura abin da amfilifayar ke ci.

Masu sola da inbata sun fi karkata ga sabon tsarin da ake kira aji D, wanda ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci zuwa lasifika, saɓanin tsohon aji AB da ke zubar da kaso mai yawa a zafi. Masu son tsohon tsari suna cewa sautinsa ya fi daɗi, masu sabon suna cewa a na'urori masu inganci bambancin ya daina jiyuwa, kuma a kan cin wuta babu gardama. Sai dai ƙananan allunan amfilifaya na aji D da suka cika kasuwa suna da sharaɗi. Guntun TPA3116 na Texas Instruments, wanda ke cikin da yawansu, yana ba da wat 50 sau biyu ne a om 4 idan an ba shi bolt 21. Idan aka jona shi da batirin bolt 12 a kan lasifika mai om 8, abin da zai fito bai kai wat 10 ba. Ya isa ɗaki, amma ba abin da aka rubuta a kwali ba ne.

Aljihu da kunne

Tasirin farko a kan kuɗi ne. Wanda ya bi lambar wat yakan zuba kuɗinsa a kan inji ya tsuke a kan lasifika, alhali bambancin sauti tsakanin lasifika biyu ya fi bambancin da ke tsakanin amfilifaya biyu masu lafiya nesa ba kusa ba. Tsarin da ya fi tsare kuɗi shi ne a fara da girman ɗaki da nisan zama, a zaɓi lasifika, a karanta kuzarinta da om ɗinta, sannan a nemi amfilifayar da aka rubuta a bayanta cewa tana ɗaukar wannan om ɗin.

Tasiri na biyu a kan ji ne, kuma shi ba ya gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren desibal 80 har awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma a desibal 90 awa 4 ne kacal. Lissafin falon da ya gabata ya nuna wat 4 ya isa ya kai mai zama 90. Yara da ke zaune a ƙasa dab da lasifika suna shan fiye da haka. Idan kunne ya riƙa ƙugi bayan an kashe kaya, an wuce iyaka.

A shago, gwajin da ya fi amfani ba ya buƙatar wata na'ura. Mutum ya zo da abin da ya saba ji a wayarsa, murya ɗaya da ya sani sarai da kiɗa ɗaya mai bugu. Ya sa a mayar da maɓallan bes da na siririn sauti tsakiya. Idan ana kwatanta lasifika biyu, a daidaita ƙararsu tukuna, domin kunne yakan zaɓi wadda ta fi ƙara ko da ba ta fi kyau ba, kuma masu shago sun san haka. Ya saurara a ƙasa-ƙasa ya ji ko kalmomi suna fita ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaga a hankali har inda sautin ya fara tauri, ya lura ko wurin ya wuce ƙarar da zai buƙata a gida. Bayan minti goma ya ɗora tafin hannu a saman amfilifayar. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan hannu bai iya zama a kai ba tun a shago, a falon da babu fanka cikin watan Afrilu abin zai fi haka.